Shaihu Umar: Don Me Uwar Ta Mutu A Tarabulus?

Da wuya a sami wanda ya yi karatun boko a Arewa a zamanin da ake koyar da adabin Hausa da gaske, a ce bai taɓa riƙe littafin Shaihu Umar na marigayi Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ba. Ɗan ƙaramin littafi ne, mutum na iya ɗaukarsa bayan la'asar ya ajiye kafin a kira isha'i. To amma duk da ƙanƙantarsa, akwai wata tambaya da ya bari a ƙarshensa wadda har yau ban ga an ba ta haƙƙinta ba. Tambayar kuwa ita ce: don me marubucin ya bar uwar Umar ta sha wahalar shekaru tana neman ɗanta, ta ƙetare hamada, ta faɗa hannun bauta, sannan da Allah Ya haɗa fuskokinsu a Tarabulus sai ta cika? Alƙalami yana hannunsa. Da ya so, da ya dawo da ita gida ta ga jikoki. Me ya hana shi?

Bari in ɗan tuna wa mai karatu asalin littafin. A shekarar 1933 ne Rupert East, Baturen da ke shugabantar hukumar fassara da talifi a Zariya, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin, da kuma Shaihu Umar, wanda ya fito a 1934. A lokacin Abubakar matashin malamin makaranta ne a Bauchi, bai daɗe da baro Kwalejin Katsina ba, shekarunsa ba su wuce 22 ba. Ba wanda ya san shi ne zai zama Firayim Ministan Nijeriya a 1957.

Labarin a bakin Shaihu Umar kansa yake. Babban malami ne a Rauta ta ƙasar Bauchi, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, shi kuma ya ba su tarihi. An haife shi a Kagara, uba ya rasu bai san shi ba, uwar ta auri Makau, wani amintaccen bafaden sarki. Hassadar fadawa ta sa aka yi wa Makau sharrin ɓoye bayi bayan an dawo daga hari, aka kore shi, ya nufi Maƙarfi. Kafin uwar ta bi mijinta sai ta tafi Fatika ganin iyayenta, ta bar yaron a hannun amana, nan aka sace shi. Kura ta cinye ɓarawon, wasu bayin Allah suka tsinci yaron, mahara suka sake kwashe shi, ya faɗo Kano, inda wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ɗauke shi zuwa Ber Kufa ta ƙasar Masar, ya riƙe shi riƙon ɗa, ya sa shi karatu har ya zama malamin da ake ji da shi. Ita kuwa uwar, da ta ji inda aka yi da ɗanta, sai ta bi sawu. Aka yaudare ta, aka sayar da ita a Murzuk, ta ƙare a Tarabulus cikin ƙangi da wulaƙanci. Umar ya yi mafarkin da ya tayar masa da begen mahaifiyarsa, suka kamo hanyar ƙasar Hausa shi da Abdulkarim, suka iske ta a Tarabulus rai ya kusa fita. Ta gan shi, ta gane shi, ta rasu. Daga nan guguwar rairayi ta binne ayarinsu a hamada har da Abdulkarim, Umar ya tsira, ya ƙarasa Rauta.

A majalisar da mukan zauna da yamma a nan Dutse, inda malaman makaranta da ma'aikatan sakatariya ke haɗuwa, na ga wannan ƙarshe ya raba mutane gida biyu. Kashi na farko, kuma su ne mafi yawa, suna ganin babu wani abin ruɗani a ciki. A wurinsu littafin wa'azi ne a kan ƙaddara da haƙuri. Matar nan abu guda ta roƙi Allah, wato ta ga ɗanta kafin ta bar duniya, kuma Ya amsa mata, har ta gan shi ya zama malami. Ina abin baƙin ciki? Wannan fassara tana da ƙarfi, ba na kuma raina ta, domin muryar Shaihu Umar kanta tana goyon bayanta: daga farkon labarin har ƙarshensa ba ya ɗaga murya, ba ya tsine wa kowa, komai ya same shi sai ya mayar ga Allah. Haka aka koya wa yawancinmu a aji, haka kuma ake amsa tambayar a jarrabawa.

Kashi na biyu kuwa cewa suke yi ai marubucin ne ya gaji. Yaro ne sabon hannu, ga wa'adin gasa, sai ya kashe uwar, ya kashe Abdulkarim, don ya sami hanyar rufe littafi. Gaskiya ne shafukan ƙarshe suna gudu kamar ana korarsu. Amma wanda ke neman hanya mai sauƙi ba ya zaɓar wadda ta fi ɗaci. Ƙarshe mafi sauƙi ga mai ba Bahaushe labari shi ne a yi biki a watse, kamar yadda Alhaji Imam na Ruwan Bagaja ya dawo da ruwan, ɗan sarki ya warke, kowa ya sami abin da yake nema. Abubakar ya san wannan hanya sarai, ya ƙi bin ta.

Ga abin da ni nake gani. Duk Musulmin da ya karanta littafin nan da natsuwa zai ji ƙamshin wata ƙissa da ya sani tun yana makarantar allo, wato ƙissar Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Dubi yadda aka jera abubuwan: hassadar makusanta ce ta fara tarwatsa gida, an raba yaro da mahaifi, ya faɗa hannun fatake, an kai shi Masar, wanda ya ɗauke shi ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sami ilimi da ɗaukaka a baƙuwar ƙasa, ga mafarki a tsakiyar al'amarin, ga kuma mahaifi can a gida yana narkewa da bege. Mai karatun 1934, wanda ya haddace Suratu Yusuf kafin ya san baƙin boko, ba sai an gaya masa inda aka dosa ba. Zuciyarsa ta riga ta kai shi ƙarshe: za a haɗu, mahaifi zai warke kamar yadda ganin Annabi Yakubu ya dawo, iyali za su taru cikin aminci.

A daidai wannan wuri ne marubucin ya janye tabarma. Ya bi sawun ƙissar taki bayan taki har bakin ƙofa, sannan ya ƙi shiga. An haɗu, amma babu waraka, babu zama tare, ko kwana mai daɗi ɗaya ba a ba su ba. Wanda ya gina tsammani da irin wannan kula, ya kuma rushe shi a wuri guda tak, ba za a ce kuskure ya yi ba. Kamar yana ce wa mai karatu ne: kada ka ɗauki abin da ya faru da Annabi, wanda Allah Ya tsara domin hikima, ka rufe ɓarnar da 'yan Adam suka yi da hannunsu. Hanyar da ke tsakanin Kano da Tarabulus ba ta mayar da abin da ta ci.

Hanyar nan ita ce babbar alama a littafin, kuma ita aka fi mantawa. Mutum biyu suka bi ta, ɗa da uwa. Shi ta kai shi ga allo da littattafai da limanci, ita ta kai ta ga mari da sarƙa. Bambancinsu bai wuce hannun da kowa ya faɗa ba. Da Umar ya faɗa hannun wanda ya sayi uwarsa, da babu Shaihu, babu almajirai, babu mai ba da labari. Wannan ya sa nake ganin tafiyar uwar ita ce ainihin labarin, tafiyar ɗan kuwa togaciya ce. Heinrich Barth, matafiyin nan Bajamushe da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa bayin da ake fitarwa daga birnin sun kai kimanin 5,000 a shekara. A cikin waɗannan dubbai nawa ne suka dawo da rawani? (Abin mamaki, shi ma Barth da sunan Abdulkarim ya yi yawo a ƙasashenmu, kuma shi ma ya tafi Turai da wani yaro Bahaushe ɗan ƙasar Damagaram da aka 'yanta daga bauta, wato Dorugu, wanda daga baya aka rubuta tarihin rayuwarsa daga bakinsa da Hausa. Dacen suna ne, amma yana nuna cewa irin labarin Umar ba a sama aka ƙago shi ba.)

Sai mu dubi mutanen kirki na littafin, domin a nan ne abin ya fi ɗaure kai. Makau mutumin kirki ne, mai gaskiya, mun tausaya masa da aka zalunce shi. Amma a kan me aka zalunce shi? A kan rabon bayin da shi da 'yan uwansa suka je suka kamo a ƙauyukan mutane. Ba wanda ya ba mu labarin iyayen waɗancan. Abdulkarim mai tausayi ne, uba ne na gari ga Umar, amma fataucinsa a kan wannan hanya yake, tare da ayarin da ke kora bayi arewa. Ke nan abincin da Umar ya ci ya yi karatu, da tufar da ya sa, daga kasuwar da ta haɗiye mahaifiyarsa suka fito. Shaihu Umar bai taɓa faɗar haka da bakinsa ba, amma marubucin ya ajiye abubuwan kusa da juna yadda mai ido ba zai kasa gani ba. Ya kamata mu riƙa bambanta muryar mai ba da labari da hannun wanda ya tsara labarin. Shaihu yana magana da harshen haƙuri, kamar yadda ya dace da malami a gaban almajiransa. Abubakar kuwa yana magana ne da yadda ya jera aukuwar abubuwa.

Ko kurar nan da ta cinye ɓarawon yaro, ba banza ta shigo ba. A tatsuniyoyinmu kura ita ce haɗama, ita ce mai kwashe abin da ba nata ba cikin dare. Ɓarawon mutane kuwa kura ne da ya sa riga. Kura ta ci kura ke nan, yaro ya tsira. Amma lura da cewa wannan shi ne ƙaramin ɓarawo, mai sata shi kaɗai a ɓoye. Manyan, masu hari da tuta da tambari da izinin sarki, babu kurar da ta taɓa su.

Guguwar hamada ita ce wurin da littafin ya fi barin ƙofa a buɗe. Hukunci ne ya sauka a kan ayarin fatake, ko kuwa ajali ne kawai ya riski mutumin kirki a tsakiyar rairayi? Idan hukunci ne, me ya sa ya haɗa da raƙuma da 'yan rakiya da ba su ji ba su gani ba? Idan kuma ajali ne kawai, me ya sa ya zo nan take bayan mutuwar uwar, ya kuma bar mutum ɗaya tilo, wanda aka ɗauka daga ƙasarsa ba da yardarsa ba? Marubucin bai yanke ba, ni ma ba zan yanke masa ba. Abin da na tabbata shi ne sakamakon: Umar ya koma ƙasar Hausa babu uwa, babu uban riƙo, babu dukiya. Rairayi ya binne duk abin da za a iya ɗora wa raƙumi, ya bar masa abin da ke cikin ƙirjinsa kawai. Mai fassarar ƙaddara zai ce ga darajar ilimi. Ni ma na ce haka ne, amma a duba kuɗin da aka biya, a kuma duba wadda ta biya.

Wani zai ce, in dai haka Abubakar yake nufi, me ya hana shi fitowa fili ya la'anci bauta? A nan sai mu tuna shekarar da yake rubutu. Dokar Lugard ta 1901 ta hana kamu da cinikin bayi, ta kuma ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu na wannan shekara ɗa ne, amma ba ta kwance waɗanda ke cikin bauta kai tsaye ba. Da yawa sai da suka fanshi kansu ta hanyar murgu a gaban alƙali. Ba a soke bauta gaba ɗaya a dokar Arewa ba sai a 1936, wato shekara 2 bayan fitowar littafin. Masana tarihi Paul Lovejoy da Jan Hogendorn sun ƙiyasta cewa a wajen 1900 bayin da ke daular Sakkwato sun kai tsakanin miliyan 1 da miliyan 2 da rabi. Ke nan a ajin da Abubakar ke koyarwa a Bauchi akwai jikokin masu hari da jikokin waɗanda aka hara a kan benci guda, sarakunan da iyayensu suka yi harin suna kan gadonsu, shi kuma ma'aikaci ne a ƙarƙashin En'e, ba kuma ɗan sarauta ba. Mai hankali a irin wannan wuri hannunka mai sanda yake yi. Kuma mun san mutumin ba matsoraci ba ne: shi ne a watan Agusta na 1950 ya miƙe a majalisar Kaduna ya nemi a yi wa mulkin En'e garambawul, maganar da ta girgiza fadoji. Fadar Kagara ta cikin littafin, inda tsegumin fadawa ke korar mai gaskiya ba tare da bincike ba, ta riga wannan jawabi da shekara 16.

Ba ina so in ɗora masa rigar da bai ɗinka ba. Littafin bai ce mallakar bawa haramun ce ba, kuma akwai wuraren da yake ba da labarin hari kamar yana ba da labarin noma. Abin da nake cewa shi ne ya ƙi yarda ya yi wa mai karatu ƙarya game da ƙarshen al'amarin, a zamanin da yin ƙaryar ya fi sauƙi da aminci.

Mu mutanen wannan yanki muna da dalili na musamman na karanta shi da idon basira. Dutse da Birnin Kudu da Gwaram suna bakin iyakar da Ningawa suka riƙa kai wa hari a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, musamman a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, suna kwasar mutane da dabbobi. Rundunonin Kano su ma sun riƙa shiga duwatsun Ningi da ƙasar Warji suna kamo nasu. Daga gabas kuma ga yaƙe-yaƙen Sarkin Haɗeja Buhari. Ganuwar da kakanninmu suka kewaye garuruwansu da ita ba don ado suka gina ta ba. Babu shakka an sace Umar da yawa a tsakanin duwatsun nan da gonakin dabino, an kuma bar uwaye da yawa suna bin sawu. Amma maganar ta zama a bar kaza cikin gashinta. Ba a tayar da ita sai ranar neman aure, a yi ta da raɗa a zaure, a ce a binciki asali. Littafin da ya kamata ya buɗe mana bakin tattauna wannan tarihi, mun mayar da shi darasin haƙuri na maki 10.

Hanyar ma ba ta mutu ba, raƙumi ne kawai ya ba mota wuri. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwaki 92 a hamadar arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Mafi yawansu mata ne da ƙananan yara, kuma akasarinsu daga yankin Kance na jihar Damagaram suka fito, Hausawa 'yan uwanmu, tafiyar 'yan sa'o'i daga iyakar Jigawa. A watan Nuwamba na 2017 gidan talabijin na CNN ya nuna hoton yadda ake gwanjon baƙaƙen fata a Libiya kamar awaki. Mayaudarin da ya ce wa uwar Umar zo in kai ki wurin ɗanki, yau shi ne dillalin da ke cewa zo in sama miki aikin gida a ƙasar Larabawa. Duk wanda ya ga waɗannan, ya koma ya karanta shafukan Murzuk da Tarabulus, zai ga ba tsohon labari yake karantawa ba.

An mayar da littafin wasan kwaikwayo ta hannun Umaru Ladan da Dexter Lyndersay, Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1967, Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976, wanda aka gyara aka sake nunawa a bikin fina-finai na Berlin a 2018. A duk waɗannan sunan Shaihu ne a sama, kamar yadda yake a bangon littafin. Shawarata ga malaman Hausa na makarantunmu, daga sakandare har Jami'ar Tarayya ta Dutse, ita ce su gwada abu guda: su sa ɗalibai su sake ba da labarin daga bakin uwar, tun daga ranar da ta dawo daga Fatika ta tarar babu ɗanta. Za su ga yadda ajin zai yi tsit, musamman ɓangaren 'yan mata.

Akwai kuma abu na ƙarshe da littafin ya ajiye a gabanmu tun shafin farko, wanda sabo ya hana mu gani. Su wane ne ke zaune a gaban Shaihu Umar a Rauta suna sauraron wannan tarihi? Almajirai ne da suka baro garuruwansu domin neman ilimi a wurinsa. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da uwa a wani gari, wadda ta ga an kama hannunsa an fita da shi, kamar yadda har gobe ake kama hannun yara a ƙauyukan Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu a sa su a mota zuwa gabas. Su ne mutanen da Shaihu ya zaɓa ya gaya wa yadda tasa uwar ta ƙare.